Haƙƙin Wanda Ake Tuhuma a Ƙasar Katsina: Daga Zauren Alƙali Zuwa Kotunan Yau

Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya haramta wa kansa zalunci, ya kuma haramta shi a tsakanin bayinsa.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin tarihin haƙƙin mutumin da ake tuhuma da aikata laifi a ƙasar Katsina da maƙwabtanta, tun daga zamanin alƙalan zaure har zuwa kotunan da muke da su a yau. Na rubuta ta ne musamman domin malaman makaranta da dattawan gari, saboda a ƙauyuka irin namu Mawashi, cikin Ƙaramar Hukumar Kusada, su ne mutanen farko da ake ƙwanƙwasa wa ƙofa idan an kama wani. Kafin a je ga lauya, idan ma za a je, malamin firamare da liman da mai unguwa ake fara tambaya yadda za a yi.

Akwai wata fahimta da ta yaɗu a cikin jama'a, cewa maganar haƙƙin wanda ake tuhuma baƙuwa ce, Turawa suka zo da ita, lauyoyi kuma suka mayar da ita hanyar kuɓutar da ɓarayi. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Kamar yadda mai karatu zai gani, ginshiƙan wannan haƙƙi suna cikin littattafan da alƙalanmu suka karanta ƙarnoni kafin zuwan Turawa. Abin da ya riƙa sauyawa daga zamani zuwa zamani shi ne ko akwai wanda ya san haƙƙin a wurin da ake shari'ar, kuma ko yana da bakin da zai faɗa a saurare shi.

Abin da Littattafan Alƙalai Suka Tanada

Alƙalanci tsohon abu ne a Katsina. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili ya zauna a Kano da Katsina, har ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa littafi a kan abubuwan da suka wajaba ga sarakuna, wanda tsayar da adalci a shari'a yake cikin manyan babobinsa. Bayansa kaɗan aka naɗa Malam Muhammadu ɗan Ahmadu Attazakti alƙalin Katsina, ya rasu wajen shekarar 1529. Littattafan da alƙalai suka dogara a kansu na mazhabar Malikiyya ne, wato Risala da Muhtasar na Halilu, sai kuma Tuhfatul Hukkami na Ibn Asim, alƙalin Garnada ta ƙasar Andalus, wanda ya rasu a 1426. Har gobe Tuhfa tana kan teburin alƙalan kotunan shari'a a jihar nan.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin hukunci zai tarar da ƙa'idoji kamar haka. Na farko, asalin mutum kuɓutacce ne, saboda haka nauyin kawo hujja yana kan mai ƙara, wanda ake ƙara kuwa idan ya musa, a yawancin da'awowi rantsuwa ce a kansa. Na biyu, alƙali zai daidaita masu shari'a a wurin zama da kallo da saurare, ko da ɗayansu basarake ne. Na uku, ba kowace shaida ake karɓa ba. Sai an tsarkake mai shaida, wato an bincika adalcinsa, kuma wanda ake tuhuma yana da damar sukar sa, ya nuna cewa akwai gaba a tsakaninsu, ko kuwa mai shaidar yana da wata riba a cikin shari'ar. Na huɗu, ana tunkuɗe haddi idan akwai shubuha, kuma wanda ya yi iƙirarin zina ko shan giya yana iya janye iƙirarinsa.

Ƙa'ida ta biyar ita ce wadda na fi so mai karatu ya riƙe, wato i'izari. Kafin alƙali ya yanke hukunci, wajibi ne ya juya ga wanda hukuncin zai faɗa a kansa ya tambaye shi ko yana da sauran hujja ko sauran magana, a gaban shaidu. Idan ya ce yana da ita, sai a ɗiba masa lokaci ya kawo. Hukuncin da aka yanke ba tare da i'izari ba, a mafi yawan shari'o'i, ana iya rushe shi, kuma har yau kotunan ɗaukaka ƙara suna rushe hukunce-hukunce a kan wannan dalili kaɗai. Abin da lauyoyin zamani suke kira sauraren kowane ɓangare, shi ne wannan i'izarin da almajiran Tuhfa suka haddace.

Sai dai akwai wata ƙofa da littattafan suka bari a buɗe. Malamai sun kasa waɗanda ake tuhuma kashi uku: wanda aka sani da kirki, da wanda ba a san halinsa ba, da wanda ya shahara da ɓarna. Wasu malamai sun halatta wa mai mulki ya tsare na ukun nan, har ya matsa masa, domin a gano gaskiya. Duk da haka Muhtasar ya tafi a kan cewa iƙirarin sata da aka samo da tilas ba a gina hukunci a kansa, ko da mutumin ya fito da kayan. Matsalar ita ce, mai iko shi ke faɗin wanda ya shahara da ɓarna, kuma ta wannan ƙofa ce zalunci ya riƙa shigowa a kowane zamani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kuka da irin wannan a littafinsa Kitabul Farƙi, inda ya lissafa halayen sarakunan zamaninsa, ciki har da hukunta mutane da ƙwace dukiyarsu ba bisa shari'a ba, da karɓar gaisuwa. Ƙaninsa Malam Abdullahi kuwa, da ya sauka Kano wajen 1806, sai ya rubuta wa jama'arta Liya'ul Hukkami domin ya nuna musu yadda ake mulki da hukunci. Wannan ya nuna cewa tun a wancan lokaci akwai tazara tsakanin abin da ke cikin littafi da abin da ake yi a ƙofar fada.

Zamanin En'e

Turawa sun shigo Katsina a 1903. Gwamna Lugga bai rushe kotunan alƙalai ba. Ya bar su suna aiki a ƙarƙashin dokar kotunan gargajiya ta 1900 da ta 1906, amma ya hana yanke hannu da azabtarwa, ya kuma shar'anta cewa ba za a zartar da hukuncin kisa ba sai Gwamna ya sa hannu. Aka kasa kotuna daraja huɗu, kotun Sarki tana sama da ikon yanke hukuncin kisa, alƙalan gundumomi suna ƙasa da iyakantaccen iko. Razdan da Di'o suna da ikon duba littafin kowace kotu, su rage hukunci, ko su sa a sake shari'a. A 1933, zamanin Gwamna Donald Cameron, aka buɗe hanyar ɗaukaka ƙara daga kotunan gargajiya zuwa Babbar Kotu, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma. A 1934 kuma aka buɗe makarantar koyon shari'a ta Lardunan Arewa a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan domin horar da alƙalai.

A kan takarda wannan tsari yana da kyau. Amma mu dubi yadda yake ga talakan Mawashi da aka tuhuma da satar akuya a shekarun 1940. Mai unguwa zai kai shi ga maigari, maigari ya tura shi ga hakimi, hakimi ya miƙa shi ga alƙali. Dogarin da ya kamo shi, da ɗan dokan da ya tsare shi, da alƙalin da zai yi masa shari'a, da yarin da zai kulle shi, dukkansu ma'aikatan En'e ne, daga baitulmali ɗaya suke karɓar albashi. Marigayi Sarki Usman Nagogo kansa ya riƙe shugabancin 'yan doka tun zamanin mahaifinsa Sarki Muhammadu Dikko, kafin ya hau gadon sarauta a 1944. Doka kuma ta hana lauya tsayawa a kotun alƙali. Di'on da ke da ikon duba hukuncin yana can nesa, ta bakin tafinta ake magana da shi, kuma talakan da ya kai kukan alƙali wurin Bature ya san cewa gobe Baturen zai hau dokinsa ya tafi, shi kuwa a garin zai kwana.

Dattawan da na zauna da su a shekarun da na yi ina aikin gwamnati a ƙananan hukumomin wannan yanki sun ba ni labarin alƙalai masu tsoron Allah, waɗanda ba sa cin abincin mai shari'a, suna kuma mayar da ƙarar hakimi idan babu shaidu. Sun kuma ba ni labarin yadda ake ɗaure wanda ake tuhuma da igiya a kora shi a ƙasa zuwa garin hakimi, da yadda ake kama uba ko wa idan mai laifi ya gudu, a tsare shi har sai wancan ya dawo. A taƙaice, haƙƙin talaka a wancan zamani ya rataya ne a kan halin alƙalin da Allah ya haɗa shi da shi. Da siyasar jam'iyyu ta zo, bayan kafa NEPU a 1950, sai raunin tsarin ya fito fili, domin an riƙa gurfanar da 'yan adawa a gaban alƙalai bisa laifuffuka irin su zagin sarki ko taro ba izini, a ɗaure su nan take. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da yawa ta wannan hanya.

Shari'o'in da Suka Jawo Gyara

Shari'o'i biyu sun yi tasiri ƙwarai a kan abin da ya biyo baya. Ta farko ita ce ta Tsofo Gubba da En'en Gwandu a 1947. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa saboda kisan kai. Amma a dokar laifuffuka ta Turawa, wadda take aiki a Babbar Kotu, wanda aka tsokane shi tsokana mai tsanani ya yi kisa cikin zafin zuciya ba a kashe shi, ɗauri ake yi masa. Kotun Afirka ta Yamma ta soke hukuncin. Wannan ya tayar da ƙura a duk Arewa, sarakuna suka ga an taɓa ikon kotunansu, aka yi shekara goma ana yi wa doka kwaskwarima. Abin da shari'ar ta tona shi ne, mutum biyu za su aikata laifi iri ɗaya a lardi ɗaya, a kashe ɗaya a bar ɗaya, gwargwadon kotun da aka kai kowannensu.

Ta biyu ita ce ta Guri da En'en Haɗejiya a 1959. An tuhumi Guri da kisa a wurin fashi. Kotun Sarki ta tafi a kan fahimtar cewa wanda ake tuhuma da hiraba, idan shaidu sun ba da shaida a kansa, ba a sauraren kariyarsa, saboda haka aka yanke masa hukunci ba a bar shi ya kare kansa ba. Kotun Ƙoli ta Tarayya ta rushe hukuncin, ta ce hana mutum kare kansa ya saɓa wa asalin adalci, kome munin laifin da ake tuhumar sa da shi.

A daidai wannan lokaci ana shirin samun mulkin kai. Hukumar Willink, wadda ta binciki koke-koken ƙananan ƙabilu a 1957 zuwa 1958, ta ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a cikin tsarin mulki, aka kuwa yi haka. Gwamnatin Sardauna ta tura wakilai zuwa Sudan da Libiya da Pakistan su ga yadda ƙasashen Musulmi suke tafiyar da shari'ar laifuffuka, sannan a 1958 ta kafa kwamitin masana a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. A cikin kwamitin akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Jami'ar Landan, da Wazirin Borno Shettima Kashim, da Mista Peter Achimugu, da Babban Alƙalin Bida Malam Musa. Daga shawararsu aka samu dokar laifuffuka da jama'a ke kira Final Kod, da dokar tsarin shari'ar laifuffuka, waɗanda suka fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960. Aka riƙa kai alƙalai kwas a makarantar koyon mulki ta Zariya domin su naƙalci sababbin dokokin. Mutane sun saɓa, har yau ma suna saɓawa, a kan ko wannan gyara ci gaba ne ko kuwa rage wa shari'ar Musulunci ƙarfi. Amma ta fuskar wanda ake tuhuma, ya samu abu guda mai muhimmanci, wato an rubuta laifi an rubuta iyakar hukuncinsa, alƙali ba zai ƙago laifi a zaune ba.

Raba Kotu da Fada

Gyara na biyu sojoji ne suka yi shi. A zamanin da Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Nagogo, yake Gwamnan soja na Jihar Arewa aka fara shirin karɓe kotuna daga hannun En'e. Aka soke kotunan sarakuna, kuma daga 1968 kotunan alƙalai suka zama kotunan yanki, waɗanda ake kira Eriya Kot, a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta jiha. Gidajen yari suka koma hannun Gwamnatin Tarayya, 'yan doka kuma aka narkar da su cikin 'yan sandan Nijeriya. Ina yaro lokacin, amma na tuna yadda manya suke maganar abin da mamaki, wai yanzu hakimi ba shi da ikon kulle mutum.

Hanin da aka yi wa lauyoyi ya daɗe bayan wannan. Sai da tsarin mulkin 1979 ya zo, sannan a 1982 Babbar Kotun Jihar Binuwai, a shari'ar Uzodinma da Kwamishinan 'Yan Sanda, ta yanke cewa dokar da ta hana lauya tsayawa a kotun yanki ta ci karo da haƙƙin da tsarin mulki ya ba wanda ake tuhuma na ya ɗauki lauyan da yake so. Kafin nan, a 1976, Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar ba da agajin lauya kyauta ga marasa hali. Wato an shafe kusan shekara 80 daga zuwan Turawa kafin talakan da ke gaban alƙali ya samu damar zuwa da wanda zai yi magana a madadinsa.

Darasi Daga Shari'o'i Biyu na Jihar Katsina

An ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. A shekarar 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, jihar ta bi sahun Zamfara wajen faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci zuwa laifuffuka, kotunan yanki suka zama kotunan shari'a. Cikin shekara uku aka yi shari'o'i biyu waɗanda ya kamata kowane malamin makaranta ya san su, ya kuma gwama su.

Ta farko ita ce ta Sani Yakubu Rodi, wanda aka tuhuma da kashe wata mata da 'ya'yanta biyu a birnin Katsina. Kotun shari'a ta yanke masa hukuncin kisa a watan Nuwamba na 2001, aka rataye shi a gidan yarin Kaduna ranar 3 ga Janairu, 2002. Ba shi da lauya a shari'ar, bai kuma ɗaukaka ƙara ba. Laifin da aka tuhume shi da shi mummuna ne ƙwarai, kuma ba ina cewa bai aikata ba. Abin lura shi ne, daga hukunci zuwa rataya wata biyu ne kacal, kuma babu wata kotu ta sama da ta sake duba yadda aka yi shari'ar.

Ta biyu ita ce ta Amina Lawal, mutuniyar Kurami. Kotun shari'a ta Bakori ta yanke mata hukuncin jefewa a watan Maris na 2002, bisa iƙirarinta da kuma haihuwar da ta yi ba ta da aure. Ita ma ba ta da lauya a kotun farko. Namijin da ta ambata ya musa, ya yi rantsuwa, aka sallame shi. Daga baya lauyoyi suka shigo, ciki har da Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim. Babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin ranar 19 ga Agusta, 2002, sai aka wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina. Ranar 25 ga Satumba, 2003, alƙalai huɗu cikin biyar, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Aminu Ibrahim, suka sallame ta.

Kafofin watsa labarai na ƙasashen waje sun yi ta surutu a kan wannan shari'a, har wasu suka ɗauka matsin lambar Turawa ne ya kuɓutar da ita. Wanda ya duba dalilan kotun zai ga daga cikin fiƙihun Malikiyya da dokar jiha aka ɗebo su. Kotun ta ce Amina tana da haƙƙin janye iƙirarinta, kuma ta janye. Ta ce ciki kaɗai bai isa hujja a kan sakakkiyar mace ba, domin a mazhabar Malikiyya kwantaccen ciki yana iya kaiwa shekara biyar, saboda haka ana iya jingina shi ga tsohon mijinta. Ta kuma ce alƙalin Bakori ya zauna shi kaɗai, alhali dokar jiha ta lokacin ta ce ya zauna tare da mutum biyu. Dukkan waɗannan hujjoji suna nan tun ranar da aka fara shari'ar a Bakori, abin da aka rasa shi ne wanda zai tashi ya faɗe su. Haka aka yi a Sakkwato a shari'ar Safiya Husaini, wadda aka sallama a watan Maris na 2002, kuma cikin dalilan har da cewa abin da ake tuhumar ta da shi ya faru kafin dokar ta fara aiki.

Abin da Doka Ta Tanada a Yau

Tsarin mulkin 1999 ya tattara waɗannan haƙƙoƙi a sashe na 35 da na 36, kuma suna aiki a kowace kotu, ta shari'a ce ko ta majistare ko Babbar Kotu.

Sashe na 35 ya shafi kamu da tsarewa. Wanda aka kama yana da ikon yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani mutum da ya zaɓa. Wajibi ne a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce, cikin harshen da yake ji, kafin awa 24. Wajibi ne a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, idan babu kuwa cikin kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. Daga Mawashi zuwa Kusada ko Kankiya bai kai wannan nisa ba. Laifuffukan da hukuncinsu kisa ne suna da nasu tsari dabam. Wanda aka tsare ba bisa doka ba kuwa yana da haƙƙin diyya da ban haƙuri a bainar jama'a.

Sashe na 36 ya shafi zaman kotu. Ana ɗaukar mutum marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Za a bayyana masa tuhumar dalla-dalla cikin harshen da yake fahimta, a ba shi lokacin shirya kariya, ya kare kansa ko ya ɗauki lauya, ya yi wa shaidun masu ƙara tambayoyi, ya kawo nasa shaidun. Idan ba ya jin harshen kotu za a ba shi tafinta kyauta. Ba a tilasta masa ba da shaida, ba a yi masa shari'a sau biyu a kan laifi ɗaya, ba a hukunta shi da dokar da aka kafa bayan aikata abin, kuma ba a kama shi da laifin da ba a rubuce yake a doka ba. Wanda ya karanta Tuhfa zai gane fuskokin da ya sani a cikin wannan jeri.

Bugu da ƙari, dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta Tarayya ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 sun hana kama wani a madadin wani, sun hana kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai, sun kuma wajabta a sanar da danginsa cewa yana hannu. Dokar 2015 ta fayyace cewa mace tana iya tsayawa beli, ta kuma ɗora wa majistare ya riƙa ziyartar caji ofis kowane wata yana duba waɗanda ke tsare. Dokar 2017 ta mayar da azabtar da wanda ake tuhuma laifi mai zaman kansa. Jihar Katsina ta yi nata sababbin dokokin laifuffuka da na tafiyar da shari'arsu a 2021. Beli a caji ofis kyauta ne a doka. Wa'adin ɗaukaka ƙara daga ƙananan kotuna galibi kwana 30 ne, saboda haka jinkiri yana da hatsari.

Duk da wannan tanadi, kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. A abin da na gani a shekarun aikina, yawancin shari'o'in talakawa a kwana biyun farko suke lalacewa. Mutum zai dangwala yatsa a takardar da aka rubuta da Turanci, ba a karanta masa ba. Wani kuma za a ce masa ya amsa laifi kawai a yi masa sassauci ya koma gida, sai ya amsa abin da bai san nauyinsa ba. Dangi su sayar da tumaki su kai kuɗin da doka ba ta nema ba, alhali kuɗin motar zuwa ofishin hukumar agajin lauya a Katsina bai kai rabin haka ba.

Akwai kuma wata kotu da ta fi kowace muni, wato kotun taron jama'a. Da zarar an yi ihun ɓarawo, babu shaida, babu i'izari, babu ɗaukaka ƙara. A watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 'yan Arewa, mafarauta, a garin Uromi na Jihar Edo, bisa zaton masu satar mutane ne. Duk mun yi baƙin ciki, mun kuma nemi a bi musu haƙƙi. To, sai mu tuna cewa a kasuwanninmu ma ana yin irin wannan, musamman a shekarun nan na rashin tsaro, inda kamanni ko ƙabila kan isa a yanke wa mutum hukunci. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna mana cewa alƙalan Katsina sun san i'izari da tsarkake shaidu da tunkuɗe haddi saboda shubuha tun ƙarni na 16. Gyare-gyaren 1933 da 1960 da 1968 da 1979 sun ƙara abubuwan da talaka ya rasa a da, wato kotun sama da zai kai kuka, da rubutacciyar doka, da alƙalin da ba ya ƙarƙashin hakimi, da lauya. Abin da ya saura yana hannunmu.

Ina roƙon malaman makaranta su koya wa ɗalibai sashe na 35 da na 36 da Hausa, a darasin zaman jama'a, kamar yadda ake koya musu sunayen jihohi. Ina roƙon malaman zaure, idan sun iso babin hukunci, su tsaya su nuna wa almajirai cewa wannan karatu yana da aiki a kotun garinsu. Dattawa kuwa, idan an kama wani a unguwa, su tura mutum biyu masu hankali su bi shi, su tambayi laifin da ake tuhumar sa da shi, su rubuta rana da lokacin da aka kama shi, su gargaɗe shi kada ya sa hannu a abin da ba a karanta masa da Hausa ba, su kuma nemi lauya tun kafin zaman kotu na farko. Yin haka ba ɗaure wa ɓarna gindi ba ne. Mai laifi na gaskiya, idan an bi ƙa'ida aka hukunta shi, hukuncin ya fi tsayawa, domin babu kotun da za ta rushe shi. Marar laifi kuwa, idan aka ɗaure shi, an yi asara biyu, an zalunce shi, ɓarawon kuma yana nan yana yawo a gari.

Allah ya ba shugabanninmu da alƙalanmu ikon tsayar da adalci, ya kare mu daga zalunci da kuma zaluntar wani, amin.